Babi na Tara: Kiran da Babu Mai Shi

Duk wanda ya daɗe yana ma'amala da kwamfuta, ko mai gyara ne ko mai aiki da ita kawai, ba zai rasa ganin ranar da ta sanƙare masa ba, allo yana nuna abin da yake nunawa tun ɗazu, maus ba ya motsi, kibod ba ya amsawa, fanka kuwa tana ta juyawa abinta kamar babu abin da ya faru. Abin da galibin mutane sukan yi a wannan hali kuma shi ne su danne maɓallin wuta har ta mutu, su sake kunnawa, su yi hamdala idan ta tashi. Wannan ba laifi ba ne ga wanda aiki yake jiransa. Amma ga wanda aka ɗora wa alhakin gano sababi, danne maɓallin nan yana shafe kusan dukkan shaidar da zai kafa hujja da ita, domin abin da cibiyar babbar manhaja take ciki a daidai lokacin da ta tsaya yana rubuce ne a ma'adanar da ba ta riƙe komai bayan an ɗauke wuta.

Asalin mas'alar yana komawa ga wata dabara da aka ƙago tun a shekarun 1950, sa'ad da masu ƙera kwamfuta suka lura cewa furosesa ya fi na'urorin da ke kewaye da shi sauri nesa ba kusa ba, ta yadda idan aka ce ya riƙa zagayawa yana tambayar kibod ko an taɓa shi, yana tambayar faifai ko ya gama karatu, to, mafi yawan lokacinsa zai ƙare ne a kan tambayar da amsarta a'a ce. Sai aka ba kowace na'ura hanyar da za ta katse masa hanzari idan tana da bukata, shi kuma ya ci gaba da sabgarsa har sai an neme shi. Wannan shi ne kiran katsewa, wanda za mu riƙa ce wa kira a taƙaice. Misalinsa kamar malami ne da ke cikin gida yana rubutu, ya ajiye almajiri a zaure: duk wanda ya yi sallama, almajirin ne zai leƙa ya ce ana sallama, malam ya sa alama inda ya tsaya, ya tambaya ko wane ne, ya fito ya biya bukata, sa'an nan ya sallami baƙo ya koma kan alƙalaminsa, idan kuwa mutum biyu suka zo tare, almajirin ya san wanda zai fara gabatarwa.

A kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981, wadda kusan duk kwamfutocin tebur na yau zuriyarta ne, wani ɗan aisi na kamfanin Intel mai lamba 8259A shi ne yake wannan aikin gabatarwa. Layuka takwas gare shi, daga sifiri zuwa bakwai, kuma gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon girman daraja: layi na 0 na agogo ne, wanda a zamanin DOS yake kira sau 18.2 a kowace daƙiƙa, na 1 na kibod, na 6 na ƙaramin faifai, na 7 kuwa, ƙaraminsu duka a daraja, aka ba wa mashigar firinta. Da layukan suka yi kaɗan, sai a 1984, cikin samfurin AT, aka ƙara aisi na biyu aka rataya shi a layi na 2 na na farko, ya zama akwai layuka 15 masu amfani, na 14 da na 15 daga bisani suka zama na manyan faifai. Aisin nan ya daɗe da ɓacewa a matsayin abu mai zaman kansa, amma har yau ana kwaikwayon halinsa a cikin bod, da kyawawan ɗabi'unsa da munanan duka.

To, ga yadda kiran ƙarya yake aukuwa, kuma ya kamata mai karatu ya bi wannan a hankali, domin wanda ya fahimci wannan tazara guda ɗaya ya fahimci rabin babin. Idan na'ura ta ɗaga layinta, aisin yakan rubuta bukatar a rajistarsa ta masu jira, ya ɗaga wa furosesa sigina. Furosesa ba ya amsawa nan take. Sai ya kammala umarnin da yake kai, kuma sai idan bai rufe ƙofar kira ba, sa'an nan ya aiko da bugun amsa guda biyu, a na farko aisin ya zaɓi mafi daraja cikin masu jira ya mayar da shi rajistar waɗanda ake yi wa hidima, a na biyu ya miƙa lambar da furosesa zai bi zuwa ga mai amsa kiran. Tsakanin ɗaga sigina da zuwan bugun farko akwai ɗan lokaci, ƙanƙane ƙwarai amma ba sifiri ba, kuma a cikin wannan ɗan lokaci mai yiwuwa ne layin ya sauka, ko saboda tartsatsin wuta ne ya ɗaga shi tun farko, ko saboda na'urar ta janye bukatarta, ko saboda manhaja ta toshe layin a daidai wannan lahazar. Malam ya riga ya ajiye alƙalami ya tambaya ko wane ne, almajiri ya waiga ya tarar babu kowa a zaure. Aisin ba shi da hanyar cewa babu kowa, domin tsarin bai tanadi wannan amsa ba, wajibi ne ya miƙa wata lamba. Saboda haka masu ƙera shi suka yanke hukuncin ya miƙa lambar layi na 7, amma kada ya rubuta komai a rajistar waɗanda ake yi wa hidima.

Wannan rashin rubutu shi ne alamar da cibiya take rarrabe gaskiya da ƙarya da ita. Duk sa'ad da kira ya zo ta layi na 7, sai ta karanta rajistar nan ta mashiga mai lamba 0x20; idan ta ga alamar bakwai a tsaye, kira ne na haƙiƙa, idan kuwa babu, sai ta juya ba tare da ta aika wa aisin da umarnin sallama, wato sanarwar an gama hidimar kira, ba. Sharaɗin rashin sallamar yana da nauyi, domin sallama ta gama-gari tana goge mafi daraja cikin waɗanda ake yi wa hidima, ko wane ne shi. Idan an aika da ita a kan kiran da babu shi, to, wani kira na gaskiya da ake tsakiyar yi wa aiki shi zai karɓe ta, lissafin aisi da na cibiya su saɓa, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Idan ƙaryar ta fito daga aisi na biyu, ta layi na 15 ke nan, hukuncin ya kasu biyu: ba za a sallami na biyu ba, tun da bai rubuta komai ba, amma dole a sallami na farko, domin shi a wajensa kira na gaskiya ya gani a layi na 2, kuma idan aka bar shi yana jira zai toshe dukkan layukan da suke ƙasa da wannan a daraja. Ɗalibai masu koyon rubuta cibiya da yawa sun sha faɗawa wannan rami, su yi ta mamakin abin da ya sa faifai ya yi shiru alhali agogo da kibod suna aiki.

Linux, idan ta gamu da irin wannan, takan rubuta "spurious 8259A interrupt: IRQ7" sau ɗaya a littafin saƙonninta, ta ci gaba da ƙidaya sauran a layin ERR na fayil ɗin /proc/interrupts, FreeBSD takan ambace shi 'yan lokuta kaɗan sa'an nan ta sanar cewa ta daina rubutawa. Magajin 8259A ma, wato APIC, wanda ya zo da zamanin kwamfutoci masu furosesa fiye da ɗaya, bai tsira daga wannan tazara ba, sai dai shi an keɓe masa lamba ta musamman domin kiran ƙarya, Linux ta zaɓi 255, tana ƙidaya su a layin SPU. Ra'ayina a kan wannan saƙo shi ne, a mafi yawan lokuta bai cancanci a ɓata ko da yini guda a kansa ba. Mutane sukan gan shi shi ne na ƙarshe a littafin kafin kwamfuta ta sanƙare, su ɗauka shi ne sababi, su shiga tuhumar firinta, alhali sau da yawa ko mashigar firinta babu a jikin kwamfutar, lambar bakwai kuwa aro ce kawai. Abin da ya kamata a duba shi ne saurin hawan adadin: idan ana samun ɗaiɗai a yini, a ƙyale shi, idan dubbai ne a minti, to, akwai wuta maras tsabta ko direban da yake toshe layi ba bisa ƙa'ida ba.

Wanda yake da haɗari na gaske shi ne kishiyar wannan, wato kiran da ba ya yankewa. Tsofaffin katunan ISA kiran bugu ɗaya suke yi, ana lura ne da lokacin da wuta ta tashi a layi, kuma illar wannan ita ce idan bugun ya wuce ba a gani ba ya tafi ke nan, na'ura tana jira, cibiya tana jira, babu mai sake magana. Da tsarin PCI ya zo a 1992 sai aka koma kiran riƙo: na'ura takan ja layin ta riƙe, ba za ta saki ba sai direbanta ya zo ya rubuta mata cewa an ji. Fa'idar wannan ita ce kira ba ya ɓata, kuma na'urori da dama suna iya yin tarayya a layi guda, cibiya ta riƙa bin direbobinsu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kowanne ko nasa ne. Amma fa idan babu ko ɗaya a cikinsu da ya san yadda zai sa mai kiran ya saki, to, da zarar an yi sallama layin yana nan a riƙe, kira ya sake shigowa kafin furosesa ya aiwatar da wani abin kirki, a sake tambaya, a sake musantawa, haka har abada. Kwamfuta mai furosesa ɗaya a wannan hali ta mutu a tsaye, ko da yake babu wani abu da ya karye a cikinta.

Maganin da Linux ta yi wa wannan, tun daga 2003 lokacin da ake shirya jerin 2.6, shi ne ta wajabta wa kowane mai amsa kira ya dawo da jawabi, ko ya ce nawa ne na kuma biya, ko ya ce ba nawa ba ne. Cibiya tana ƙidaya jawaban, kuma idan cikin kira 100,000 da suka shigo ta layi guda an sami fiye da 99,900 da kowa ya musanta, sai ta yanke hukuncin cewa layin ya maƙale, ta rubuta saƙon nan da ya shahara, "irq 16: nobody cared", wato babu wanda ya kula, ko da wace lamba ce ta zo a madadin 16, ta jera sunayen masu amsa kiran da suke kan layin, ta rufe shi. Ragowar ɗari ɗin an bar su ne da gangan, domin mai yiwuwa ne wata na'ura mai lafiya tana kan layin tana kiranta na halal. Bayan rufewar cibiya ba ta yasar da su gaba ɗaya ba, takan zagayo sau goma a daƙiƙa ta tambaye su ko akwai aiki, kuma wannan shi ne sirrin wata alama da takan rikita mutane: kwamfuta ba ta mutu ba, amma maus na USB yana tafiya da ɗingishi, ko faifai ya koma kamar na shekara talatin da suka wuce.

A nan ne ake yawan zaluntar marasa laifi. Sunayen da saƙon ya jera sunayen waɗanda aka tambaya ne suka ce ba nasu ba, kuma galibi gaskiya suka faɗa. Mai laifin sau da yawa sunansa ba ya cikin jerin sam, domin da yana ciki da ya amsa. Wani lokaci na'ura ce da ba a loda mata direba ba, wadda BIOS ya bari a kunne. Wani lokaci direbanta yana nan lafiya lau, amma yana sauraron layi na 19 alhali wayarta a layi na 16 take, saboda jadawalin da BIOS ya ba cibiya ta hanyar ACPI, wanda yake bayyana wace ƙafa ta wane kati ce take haɗe da wane layi, yana ɗauke da kuskure. Cibiya ba ta ganin tagulla, abin da aka gaya mata shi take bi. Wani lokaci kuma direban ne ya saɓa tartibi, ya kunna kiran na'ura kafin ya yi rajistar mai amsawa, ko ya janye mai amsawa kafin ya kashe na'urar, abin da yakan bayyana musamman sa'ad da kwamfutar tafi-da-gidanka ta farka daga barci. Akwai ma wata illa mai dabara a wasu bod na manyan kwamfutoci, inda idan aka toshe layi a APIC na biyu, sai bod ɗin ya karkatar da kiran zuwa wani layi na APIC na farko, ya faɗa kan direbobin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Wata illar kuma tana fitowa ne daga halin PCI kansa. Rubutu zuwa na'ura ba ya isa nan take, ana iya ajiye shi a gada yana jiran layinsa, furosesa kuwa ya wuce yana zaton an gama. Direba ya rubuta wa na'ura cewa an ji, ya dawo, cibiya ta yi sallama, rubutun bai isa ba tukuna, layin yana riƙe, kira na biyu ya shigo. Kafin a zo a duba rubutun ya isa, na'urar ta ce ita ba ta kira ba. Maganin layi ɗaya ne na manhaja, a karanta wata rajista ta na'urar bayan rubutun, domin karatu ba ya tsallake rubutun da ya gabace shi.

Hanyar tahakiki a wannan mas'ala ita ce a sauya abu ɗaya a kowane gwaji. Akwai kalmomin da ake ba cibiya lokacin tashi, irin su irqpoll, wadda take sa ta tambayi dukkan direbobi na dukkan layuka duk sa'ad da kira ya rasa mai shi, da noapic, da acpi=noirq, da pci=nomsi. Mutane da yawa sukan zuba su duka a lokaci guda, kwamfuta ta tashi, su tafi suna murna, alhali ba su san wacce ta yi aiki ba, kuma sun jefar da rabin ƙarfin kwamfutar. Ni a ganina waɗannan kalmomi tambayoyi ne kafin su zama magani: idan irqpoll ta warkar, ta ba da shaida cewa mai kiran yana da direba amma an saukar da shi a layin da ba nasa ba, kuma mataki na gaba shi ne neman sabon BIOS. Sababbin na'urori sun rage wannan wahala ƙwarai, domin da tsarin MSI na'ura ba ta riƙe waya, saƙo take rubutawa kai tsaye mai ɗauke da lambarta, ana iya ba ta har 32, a MSI-X kuwa har 2048, babu tarayya balle musu. Kira na gaskiya ma yana iya kashe kwamfuta idan ya yi yawa, kamar yadda Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan suka bayyana a 1996 game da katin sadarwa da ambaliyar saƙonni ta hana furosesa sarrafa ko ɗaya daga cikinsu. Linux ta magance wannan da tsarin NAPI, inda ake rufe kiran katin bayan na farko a riƙa kwasa da yawa a lokaci guda.

Yanzu sai mu juya ga sanƙarewar da ba yawan kira ya kawo ta ba. Kafin a taɓa komai akwai gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo. A danna Caps Lock a ga ko fitilarsa ta sauya, domin cibiya ce take kunna ta. A kuma aika wa kwamfutar ping daga wata, domin cibiya ce take amsawa ba tare da taimakon wani shiri ba. Idan ɗaya ya amsa, kira yana shiga, cibiya tana da rai, kuma sau da yawa direban allo ne kawai ya tsaya. A wannan hali haɗin madannai na Alt da SysRq yana aiki, idan an kunna shi: da harafin L cibiya takan rubuta silsilar ayyukan da kowane furosesa yake ciki, da W ta jera shirye-shiryen da suka maƙale suna jira.

Mafi shaharar sababin mutuwa gaba ɗaya kuwa shi ne kulle. Inda furosesa biyu za su iya taɓa bayani guda, cibiya tana sa makulli, kuma wanda ya tarar da shi a hannun wani yakan tsaya yana juyi a wuri ɗaya har a saki, tun da jiran bai kamata ya wuce ƙiftawar ido ba. To, a ce wani aiki ya ɗauki makulli bai rufe ƙofar kira ba, kira ya shigo wa wannan furosesa ɗin, mai amsa kiran kuma shi ma wannan makullin yake bukata: zai tsaya yana jiran a saki, mai sakin kuwa shi ne wanda ya katse, wanda ba zai motsa ba sai shi ya gama. Wannan na iya ɓuya wata da watanni, domin sai kiran ya faɗo a cikin 'yan umarnin da makullin yake riƙe. Saboda irin wannan ne Ingo Molnar ya kawo lockdep a 2006, cikin 2.6.18, wanda yake lura da tartibin ɗaukar makullai yayin da komai yake tafiya lafiya, ya yi ƙiyasi, ya faɗakar cewa wannan tsari yana iya kullewa ko da bai taɓa kullewa ba. A cikin dukkan kayan aikin da aka ambata a wannan babi, babu wanda na fi girmamawa kamarsa.

Domin abin da ya tsere wa lockdep, cibiya tana da masu gadi iri biyu. Wani agogo na musamman yana kira a kan kowane furosesa duk daƙiƙa 4. Idan ya tarar an yi daƙiƙa 20 wani aiki na cibiya bai ba kowa wuri ba, sai ya rubuta "soft lockup", wato kira yana shiga amma babu mai samun juyi. Idan kuwa ƙofar kira ce a rufe, agogon nan kansa ba zai shiga ba, saboda haka mai gadi na biyu yana amfani da NMI, kiran da ba a iya toshewa, wanda a kwamfutar 1981 aka tanada domin sanar da kuskuren ma'adana. Shi yakan shigo ya duba ko agogon ya ƙara ƙidayarsa, idan kimanin daƙiƙa 10 sun wuce bai ƙara ba, ya ayyana "hard lockup". Ban da su akwai mai lura da shirin da ya yi daƙiƙa 120 yana jira bai farka ba.

Sai dai rahoton mai gadi shi ma yana da irin aibin saƙon "nobody cared" da muka ambata a baya. A kwamfuta mai furosesa takwas, idan ɗaya ya maƙale da makulli a hannu, sauran sukan taru a bayansa ɗaya bayan ɗaya, wasu suna jiran makullin, wasu sun aika masa saƙon ya goge taswirar ma'adana suna jiran amsa, kuma wanda ya fara kuka ba lallai ne shi ne ya fara tsayawa ba. Silsilar da ta ƙare a jiran makulli tana nuna wanda aka cuta; wajibi ne a nemi silsilar dukkansu, a ga wane ne shi kaɗai yake wani wuri daban. Wani lokaci ma babu mai laifi a cikin cibiyar ko kaɗan. BIOS yana da kira nasa, SMI, wanda yake sama da NMI, yakan ɗauke furosesa zuwa wani hali da cibiya ba ta gani, ya dawo da shi bayan ya gama. Haka kuma kwamfutar da take gudana a cikin wata kwamfuta, idan uwar ɗakinta ta hana ta lokaci na rabin minti, takan farka ta ga agogo ya yi tsalle ta tuhumi aikin da ya yi rashin sa'ar kasancewa a wurin.

Duk wannan bayani ba shi da amfani idan bai fita daga cikin kwamfutar ba, cibiyar da ta sanƙare kuwa ba ta iya rubutu a faifai. Saboda haka shiri yana gabatar aukuwa. Ana haɗa wayar siriyal zuwa wata kwamfuta, ko a kunna netconsole ya riƙa tura saƙonni ta hanyar sadarwa, ko a keɓe wani yanki da pstore zai ajiye kalmomin ƙarshe a karanta bayan tashi. Mafi cika duka shi ne kdump, inda ake ajiye cibiya ta biyu a wani keɓantaccen yanki na ma'adana, a umurci masu gadi su kashe ta farko da zarar sun ga sanƙarewa, ta biyu ta tashi ta kwafe dukkan abin da ke cikin ma'adana domin a bincika a natse. A yi hattara da wayar siriyal, domin a saurin 9600 haruffa kimanin 960 kawai take ɗauka a daƙiƙa, kuma an sha ganin inda yawan rubutun bincike ta wannan ƙaramar hanya shi kansa ya riƙe furosesa har mai gadi ya yi kuka.

Idan ko NMI bai amsa ba, tuhuma ta koma kan ƙarfe. A watan Nuwamba na 1997 aka gano cewa umarni guda mai lamba F0 0F C7 C8, wanda kowane ƙaramin shiri yake iya bayarwa, yana tsayar da Pentium cak, domin furosesa yakan kulle hanyar ma'adana sa'an nan ya nemi bin ta zuwa mai amsa kuskure; masu cibiyoyi suka kewaye shi da dabarar sauya yadda aka shimfiɗa jadawalin masu amsa kira. Kwamfutoci da yawa masu furosesan Bay Trail sun yi shekaru suna sanƙarewa a Linux lokacin shiga barci mai zurfi, masu su suna rayuwa da intel_idle.max_cstate=1. A ƙasashenmu kuma ƙurar hunturu da take toshe fanka, da zafin bazara, da wutar janareto mai hawa da sauka, sun isa a fara da su, tare da barin Memtest86 ya kwana yana gwada ma'adana.

Idan tsohuwar cibiya tana aiki sabuwa ba ta yi, ana raba tazarar biyu-biyu da git bisect, gyara 10,000 su ƙare a gwaji kimanin 14. Sharaɗinsa shi ne kowace amsa ta zama yaƙini, wannan kuwa shi ne abin da sanƙarewa ba ta bayarwa, domin cibiyar da ta yi yini guda ba ta tsaya ba mai yiwuwa ne da an bar ta ta tsaya a na biyu. A watan Nuwamba na 2014 Dave Jones, mai shirin Trinity da yake jefa wa cibiya umarnin hauka domin a ga inda za ta karye, ya ba da rahoton sanƙarewa a cibiyar Linux 3.18 da ake shiryawa. Linus Torvalds da Thomas Gleixner da wasu manya suka duƙufa makonni, rabon biyu-biyu ya kai su wurare masu saɓa wa juna, aka gyara kurakurai na gaskiya da aka ci karo da su a hanya ba tare da alamar ta ɓace ba, har aka fitar da 3.18 a watan Disamba mas'alar tana buɗe. Zato mafi rinjaye a ƙarshe ya faɗa kan agogon bod da ake kira HPET, wanda Trinity yake iya kaiwa ga rajistocinsa ta fayil ɗin /dev/mem ya yi rubutu a kansu, lokaci ya rikice wa cibiya, masu gadi su riƙa tuhumar duk aikin da suka tarar a kan furosesa.